Dusar ƙanƙarar da tafki ke haifarwa: amsa ga uwar da ɗanta ke karatu a Buffalo

Tambayar ta zo ne daga wata Hajiya a Kano. Ɗanta ya tafi karatun digiri na biyu a birnin Buffalo da ke jihar New York ta Amurka, kuma wannan ne sanyinsa na farko a can. Ta ce ya kira ta a tsakiyar Nuwamba yana ba ta labarin cewa a unguwarsu rana ce tar, amma abokinsa da ke zaune tafiyar minti ashirin a mota ya kasa buɗe ƙofar gida saboda dusar ƙanƙara. Tana so ta san ko hakan na yiwuwa ko yaron ne ke ƙara gishiri, me ke jawo shi, kuma me za ta gaya masa tunda ya sayi mota.

Hajiya, yaronki bai ƙara gishiri ba. Abin da ya gani sananne ne ga duk wanda ya karanci yanayin wannan yanki, kuma yana cikin abubuwan da suka fi ba masu hasashe wahala. Dusar ƙanƙarar da aka saba gani a ƙasashen sanyi tana zuwa ne da babban hadari mai lulluɓe jihohi uku ko huɗu lokaci guda, kowa ya samu rabonsa. Wadda ke sauka a Buffalo a ƙarshen kaka daban take. Tafki ne ke haifar da ita, a ziri take zuwa, ta binne wasu unguwanni ta bar maƙwabtansu da hasken rana. Shi ya sa babban abin da nake so yaronki ya riƙe shi ne kada ya riƙa duban sararin samaniyar ƙofar gidansa yana yanke shawarar fita da mota. A wannan gari, abin da ke saman kanka ba ya gaya maka abin da ke gabanka.

Tsakanin Amurka da Kanada akwai manyan tafkuna biyar da ke zuba cikin juna: Superior, Michigan, Huron, Erie da Ontario. Idan an ce tafki kada ki kawo na bayan gari a ranki. Manyan jiragen ruwa na dakon ma'adinin ƙarfe da hatsi ne ke yawo a kansu, kuma su biyar ɗin suna riƙe da kusan kashi ɗaya cikin biyar na ruwan daɗin da ke kwance a bayan ƙasa a duniya. Superior, babbansu, ya kai faɗin murabba'in kilomita 82,000, zurfinsa a wani wurin ya haura mita 400. Erie, wanda Buffalo ke zaune a ƙarshensa na gabas, yana cikin ƙananansu, amma duk da haka ya fi jihar Kano faɗi. Tsawonsa ya kusa kilomita 390, kuma a kwance yake daga kudu maso yamma zuwa arewa maso gabas. Ki riƙe wannan kwanciyar tasa, domin ita ce rabin amsar tambayarki.

Ruwa yana da jinkirin ɗaukar zafi, yana kuma da jinkirin sakinsa. Kin san yadda ruwan rijiya yake da asubar hunturu: iska na tsaga leɓe, amma idan aka jawo guga sai a ji ruwan da ɗumi, har wani lokaci a ga tururi na tashi a kansa. Ba ruwan ne ya yi zafi ba, iskar ce ta yi sanyi ta bar shi a baya. Haka tafkin Erie yake a Nuwamba. Ya sha ranar bazara har saman ruwansa ya haura digiri 20, yanzu yana sakin zafin a hankali, don haka a wannan watan yakan kasance tsakanin digiri 5 da 10. Ƙasar da ke kewaye da shi kuwa ta riga ta huce, da dare har raɓa na daskarewa a kan ciyawa.

Sai iska ta sauko daga arewacin Kanada, inda dare ya riga ya yi tsawo, ƙasa ta rufe da dusa. Iska ce mai tsananin sanyi kuma busasshiya, domin iska mai sanyi ba ta iya riƙe laima da yawa. Da zarar ta hau kan ruwan, ɓangarenta na ƙasa da ke gogar tafkin yana ɗaukar ɗumi, yana kuma shan tururi. Iskar da ta yi ɗumi tana yin sauƙi, sai ta tashi sama ta kutsa cikin mai sanyin da ke kanta. Tana tashi tana hucewa, tururin da ta ɗauko ya dunƙule ya zama girgije, ɗigon da ke cikin girgijen ya daskare ya zama ƙwayoyin dusa. Akwai wani abu da ke ƙara wa wutar fetur: duk sanda tururi ya koma ruwa ko ƙanƙara, yana sakin zafin da ya ɓoye lokacin da ya bar tafkin. Wannan zafin yana ƙara wa iskar sauƙi, ta ƙara hawa, girgijen ya ƙara kauri. Haka abin ke ciyar da kansa muddin ruwan na buɗe kuma iskar na zuwa.

Masu hasashe suna da ma'auni da suke fara dubawa. Suna gwada zafin saman ruwan da zafin iskar da ke wajen mita 1,500 sama da matakin teku, wato kimanin mita 1,300 sama da tafkin. Idan bambancin ya kai digiri 13, ƙofa ta buɗe. Dalilin wannan adadi shi ne, iskar da ke tashi tana rasa kusan digiri ɗaya a kowace mita ɗari da ta hau. Daga saman tafkin zuwa wancan mataki za ta rasa wajen digiri 13, to idan har ta isa can ta tarar da iskar da ta fi ta sanyi, za ta ci gaba da hawa da kanta. A ce ruwan yana digiri 8, iskar saman kuma tana digiri 12 ƙasa da sifili: bambancin digiri 20 ke nan, kuma a irin wannan ranar har tsawa da walƙiya ake yi a tsakiyar dusa. Mutanen Buffalo sun saba jin aradu a daren da ba ɗigon ruwan sama ko ɗaya.

Amma bambancin zafi kaɗai ba ya binne gari. Sai iskar ta daɗe a kan ruwa. Idan ta tsallaka tafkin ta wajen faɗinsa, tafiyar gajeriya ce, abin da ake samu shi ne ziraye masu yawa ƙanana a jere, kowanne na yayyafa abin da ya samu. Idan kuwa ta bi shi ta tsawonsa, daga wajen Toledo da ke yamma har zuwa Buffalo, to ta yi ɗaruruwan kilomita tana shan tururi. A nan ne ake samun ziri guda ɗaya tak, mai kauri. Ruwan tsakiyar tafkin ya fi gaɓoɓinsa biyu ɗumi, sai iska ta riƙa kwararowa daga gaɓar arewa da ta kudu tana haɗuwa a tsakiya, kuma iskar da ta haɗu ba ta da inda za ta sai sama. Duk laimar da tafkin ya bayar sai ta taru a layi guda wanda faɗinsa bai wuce kilomita 15 zuwa 30 ba, bakinsa na saitin gabas. Idan ya iso tudu, gine-gine da itatuwa suna rage wa iskar gudu, ta cunkushe, tuddan da ke kudancin birnin kuma su ƙara ɗaga ta. Sai ya juye abin da ya ɗauko. Santimita 5 zuwa 10 a awa guda ba abin mamaki ba ne, a mafi tsanani yana kai 15.

To inda bakin zirin zai sauka, alƙiblar iska ce ke yanke hukunci, kuma ɗan karkacewa kaɗan ya isa ya sauya komai. Idan tana busowa daga kudu maso yamma sosai, tsakiyar birnin da garuruwan arewa irin su Amherst da Tonawanda ne ke sha. Idan ta ɗan karkata zuwa yamma, sai ya faɗa kan garuruwan kudu: Lackawanna, West Seneca, Hamburg, Orchard Park. Idan ta ƙara karkata, ya koma can tuddan da ke kudu da su. Garuruwan kudun ne suka fi shan sa a yawancin shekaru. Daga bayaninki, ina kyautata zaton yaronki yana wajen arewa ne, inda babbar harabar jami'ar Buffalo take a Amherst, abokinsa kuma yana kudu.

Gefen zirin nan yana da kaifi ƙwarai. A tsakiyar Nuwambar 2014, daga ranar 17 zuwa 21 ga wata, ziri biyu suka biyo juna a kan garuruwan kudu da gabashin Buffalo. A zagayen farko, filin jirgin saman birnin bai samu ko santimita 20 ba, alhali 'yan kilomita kaɗan kudu da shi an auna fiye da mita ɗaya da rabi. Da aka haɗa duka biyun, wasu wurare sun haura mita biyu. Hotunan da aka ɗauka daga dogayen benayen tsakiyar birni sun nuna shi tsaye a kan tafkin, fari fat daga ruwa har sama, gefensa a miƙe, a hannu guda kuma shuɗin sama da rana. An rufe babbar hanya mai lamba 90 na tsawon fiye da kilomita 200, motoci suka kwana a kanta, har da motar 'yan wasan ƙwallon kwando mata na jami'ar Niagara da ta maƙale kusan kwana guda cur. Rufin gidaje da na ɗakunan ajiya ya rufta saboda nauyi. Mutum fiye da goma suka rasu. Bayan shekara takwas, a irin waɗannan ranaku na Nuwambar 2022, abin ya maimaita kansa: Hamburg da Orchard Park suka samu kimanin mita biyu, har aka mayar da wasan ƙungiyar ƙwallon birnin zuwa Detroit, kamar yadda aka yi a 2014.

Ga yadda direba ke gamuwa da shi. Kwalta a bushe, gilashi a share, yana tafiya da gudun babbar hanya. Can gaba sai ya hango duhu-duhu a kwance a kan titi. 'Yan ƙwayoyi su fara bugun gilashi. Kafin ya gama rage gudu, jajayen fitilun motar da ke gabansa sun ɓace, layin titi ya ɓace, gefen hanya da sararin sama sun zama launi ɗaya. Idan ya kunna babbar fitila, hasken ya doki dusar ya dawo masa ido. Idan ya taka birki da ƙarfi, motar ta zame. Idan ya tsaya cak a tsakiyar titi, tirelar da ke bayansa ba ta gan shi ba. Tsakanin bushewar kwalta da wannan hali, wani lokaci bai fi tafiyar minti ɗaya ba. Wanda ya girma a can ma yana tsoronsa, balle wanda ya koyi tuƙi a titin Zariya.

Me ya sa ƙarshen kaka ya fi? Domin a lokacin ne tazarar da ke tsakanin ruwa da iska ta fi faɗi. A Satumba da farkon Oktoba iskar ba ta yi sanyin da zai daskarar da ɗigon ba, sai tafkin ya ba da ruwan sama a ziri maimakon dusa. Wani lokaci sanyin yana yin sammako. A ranakun 12 da 13 ga Oktoban 2006, ruwan Erie na sama da digiri 16, itatuwa ba su zubar da ganye ba, sai dusa mai laima da nauyi ta kusan santimita 57 ta sauka a Buffalo da garuruwan arewacinsa. Ganye ya riƙe ta, rassa suka karye suka faɗa kan wayoyi, gidaje da wuraren sana'a kusan dubu ɗari huɗu suka rasa lantarki, wasu na fiye da mako. Na kawo wannan ne don kada yaronki ya ɗauka zama a arewacin birni ya zama kariya. Daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Janairu ne kakar take kan ganiyarta. Dusar farkon kaka jiƙaƙƙiya ce mai nauyi. Ta tsakiyar sanyi busasshiya ce mai sauƙi: a ƙa'ida santimita goma na dusa na narkewa su ba da santimita ɗaya na ruwa, amma ta tafki a tsakiyar sanyi sai an tara ashirin ko talatin kafin a samu hakan. Shi ya sa take taruwa da sauri, iska kuma take kwasarta ta cika hanyar da aka share yanzu-yanzu.

Abin da ke kawo ƙarshen dusar tafki shi ne ƙanƙara. Erie ne mafi rashin zurfi a cikin biyar ɗin, matsakaicin zurfinsa wajen mita 19 ne, don haka shi ne ke saurin hucewa, kuma a shekarun sanyi mafi yawansa yana daskarewa zuwa ƙarshen Janairu ko Fabrairu. Da zarar an rufe ruwan, tururi ya yanke, Buffalo ta samu sauƙi. Sauƙin ma ba cikakke ba ne: a ƙarshen Janairun 1977 tafkin a daskare yake, dusa ta taru a kan ƙanƙararsa, guguwa ta kwaso ta ta juye wa birnin, mutum fiye da ashirin suka mutu. Tafkin Ontario kuwa zurfinsa ya kai mita 244, da wuya ya daskare, don haka mutanen gabashinsa ba su da hutu har Maris. Can akwai wani tudu da ake kira Tug Hill, inda iskar yamma ke bin tafkin ta tsawonsa sannan ta hau gangara. A shekara yana samun fiye da mita biyar. A Fabrairun 2007 garin Redfield da ke kansa ya samu fiye da mita uku da rabi cikin kwana goma. Birnin Syracuse da ke kudu da shi yana samun wajen mita uku a shekara, ya ma fi Buffalo, wadda matsakaicinta ke wajen mita biyu da rabi. Can arewa kuma, a yankin Keweenaw na jihar Michigan da ya kutsa cikin Superior, an auna kusan mita goma a sanyin 1978 zuwa 1979.

Mutane kan tambaya ko ɗumamar duniya za ta kawo ƙarshen wannan. Tun 1973 ake auna ƙanƙarar tafkunan, kuma duk da cewa tana hawa da sauka sosai daga shekara zuwa shekara (a 1979 da 2014 ta rufe fiye da kashi 90 cikin ɗari, a Fabrairun 2024 kuwa kusan babu), a dunƙule raguwa take yi. Ruwa mai ɗumi da ya daɗe a buɗe yana nufin idan iskar sanyin ta zo, za ta tarar da abinci mai yawa. A nawa ganin, nan kusa ba sauƙi za a samu ba. Sai can gaba, idan iskar kanta ta rage sanyi, wani kaso na abin zai riƙa sauka a matsayin ruwa.

Ba Amurka kaɗai ke da wannan ba. A gefen Kanada, garuruwan da ke gabashin tafkin Huron irin su Owen Sound da Barrie suna shan irinsa. Iskar Siberiya da ke tsallaka tekun Japan tana binne biranen yammaci da arewacin ƙasar, irin su Aomori da Sapporo, kuma Bahar Aswad kan yi wa Istanbul haka jefi-jefi. Tafkin Chadi ba ya yi mana, domin iskar hunturunmu, duk da bushewarta, ba ta kusanci sanyin da ake buƙata ba.

Ƙarshen kaka a yankin tafkunan ba dusa kaɗai ba ne. Watan guguwa ne. Iskar sanyi daga arewa da mai ɗumi daga kudu suna karo a tsakiyar nahiyar, guguwar da suka haifa ta bi ta kan tafkuna masu ɗumi ta ƙara ƙarfi. Matuƙan jiragen ruwa na tsoron Nuwamba tun da daɗewa. A Nuwambar 1913 guguwa guda ta halaka fiye da mutum 250 a kan tafkunan. Ranar 10 ga Nuwamban 1975 jirgin dakon ma'adinin ƙarfe Edmund Fitzgerald, mai tsawon fiye da mita 220, ya nutse a Superior da ma'aikatansa 29. A Erie, iska mai ƙarfi kan tura ruwan gaba ɗaya zuwa wajen Buffalo, ya hau gaɓa ya shiga unguwanni, yayin da can yamma yake janyewa. Sai kuma duhu. A Lahadin farko ta Nuwamba ake mayar da agogo baya da awa guda, tazararku da shi ta zama awa shida, kuma zuwa ƙarshen wata magariba na faɗuwa kafin ƙarfe biyar. Gizagizan tafki kan rufe rana kwana da kwanaki. Wanda ya taso a ƙasar rana yana jin wannan a ransa fiye da yadda yake faɗa, don haka idan kin ji muryarsa ta yi sanyi a waya, ki ƙara yawan kira. Gaskiya kuma ita ce tafkin ba sharri kaɗai yake yi ba. Ɗumin nan nasa ne ke jinkirta daskarewar gonakin gaɓa, shi ya sa kudancin Erie ya cika da gonakin inabi, kudancin Ontario kuma da na tuffa.

Yanzu ga abin da za ki gaya masa. Hukumar kula da yanayi ta Amurka tana da ofishi a Buffalo, kuma ma'aikatansa sun ƙware a wannan fanni. Yawanci suna sanar da babban ziri kwana ɗaya ko biyu kafin ya zo, su faɗi garuruwan da ake sa ran zai faɗa wa. Abin da ba sa iya tabbatarwa shi ne ainihin titin da gefensa zai tsaya, domin kuskuren 'yan kilomita kaɗan shi ne bambancin share ƙofar gida da binnewar mota. Ya saba da duba hoton na'urar rada, mai nuna inda dusa ke sauka, a wayarsa kafin ya fita, ya duba hanyar da zai bi gaba ɗaya har inda za shi, ya kuma tuna cewa zirin na iya matsawa kafin ya dawo. Idan hukumomi suka hana tuƙi, ya zauna. Idan masallacin da yake zuwa ko shagon da yake sayen naman halal yana kudu, kamar Lackawanna inda 'yan asalin Yaman suke da yawa, ranar gargaɗi ya haƙura. Ya tambayi malaman can game da rangwamen yin salla a gida a irin wannan yanayi, da kuma shafa a kan huffi, sun saba da tambayar.

Mafi yawan waɗanda dusar tafki ta kashe, ba sanyin cikin ɗaki mai wuta ne ya kashe su ba. A Disambar 2022, daga ranar 23 ga wata, guguwa mai tsananin iska ta haɗu da zirin Erie a kan birnin kansa, mutum fiye da arba'in suka rasu a yankin. An tsinci wasu a cikin motoci, wasu a kan titi bayan sun bar motocinsu sun taka da ƙafa, wasu a gidajen da lantarki ya ɗauke, wasu kuma motar asibiti ce ta kasa isa gare su. Don haka idan ya maƙale, ya zauna cikin motar. Ya tono bakin salansa ya tabbatar dusa ba ta toshe shi ba, ya kunna inji kamar minti goma a kowace awa don ɗumi, ya ɗan sassauta gilashi. Salansar da ta toshe tana mayar da hayaƙin kabon monoksaid cikin mota, shi kuma ba shi da wari ba shi da launi, barci kawai mutum zai ji. Kada tankinsa ya sauka ƙasa da rabi daga yanzu har Maris. A but ɗin motar ya ajiye bargo, ƙaramin shebur, tocila, ruwa, dabino ko biskit, da abin cajin waya. Ya sayi tayoyin sanyi guda huɗu ko da kuɗin sun yi masa nauyi, domin robar taya ta yau da kullum tana taurara idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7. Motar da ke ja da ƙafa huɗu tana taimakawa wajen tashi, amma ba ta rage tsawon birki a kan ƙanƙara.

Wannan na gaba ina roƙonki ki nanata masa, domin al'adarmu ce ke iya cutar da shi. Idan wuta ta ɗauke, kada ya shigo da gawayi ɗaki, kada ya kunna murhun girki don jin ɗumi, kada ya sa janareta a gareji ko kusa da taga. Ɗakunanmu na gida suna shan iska ta ƙofa da rufi, duk da haka kaskon wuta na kashe mutane a hunturu. Gidajen can a toshe suke ruf don riƙe zafi. Ya tabbatar akwai na'urar gargaɗin kabon monoksaid a gidan da yake haya kuma batirinta na aiki. Idan dusa ta taru, ya leƙa waje ya share bakin bututun da hitar gidan ke fitar da hayaƙi, domin a gidaje da yawa a jikin bango yake, ƙasa-ƙasa.

Sharar dusa da shebur aiki ne mai cin zuciya, kuma da yawa daga mamatan 2014 bugun zuciya ne ya kama su suna cikin shara. Ya riƙa turawa maimakon ɗagawa, ya yi kaɗan-kaɗan tun tana sauka, ya huta. Idan yana da dattijon maƙwabci ya taya shi. Sutura kuma a jera ake sa ta: ta ciki mai tsotse gumi wadda ba auduga ba, suwaita a kai, sannan kwat mai tare iska da ruwa, da hular da ke rufe kunne, da safar hannu, da takalmin da ruwa ba ya shiga. Bayan alwala ya goge jikinsa sosai kafin ya fita. A baƙar fata, cizon sanyi ba ya nuna ja kamar yadda littattafansu ke kwatantawa. Wurin yakan yi toka-toka, ya taurara, ya daina ji. Idan ya ga haka a yatsa ko kunne, ya shiga ciki ya sa a ruwa mai ɗumi, ba mai zafi ba, kada ya murza, kuma ya nemi asibiti idan jin bai dawo ba.

Gida kuma ya kasance da abincin kwana uku wanda ba ya buƙatar girki, da maganinsa idan yana sha. Idan zai zo hutun Disamba, kada ya sayi tikitin da zai sa ya tashi daga Buffalo ya kama jirgin Najeriya a New York ko Toronto a rana guda. Ya bar tazarar kwana ɗaya a tsakani, domin filin jirgin Buffalo ya yi kwanaki a rufe a Disambar 2022, hanyar mota zuwa Toronto kuma ta gefen tafkin Ontario take bi.